Yayana na Roba

Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran mutum-mutumin da ake sa wa kaya a tagogin shaguna, kuma a duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi. Hannu ya karye a kawo mini, hanci ya ɓantare a kawo mini, in liƙa, in goge, in shafa fenti, a zo a ɗauka. Ban taɓa damuwa ba. Su dai ba sa yi mini musu, ba sa cewa na cika faɗa, kuma inda ka ajiye su nan za ka dawo ka tarar da su, abin da ba zan iya faɗa game da matata ba, wadda ta tattara nata ya nata ta yi gaba tun ina da sauran baƙin gashi.

Daga ni sai Yaya a gidan. Ɗaki biyu ne da ɗan kicin a hawa na uku, tagarmu tana kallon bayan wani gidan wanki da guga. Ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Ya ƙarar da ƙarfinsa a gidan waya yana rarraba wasiƙu cikin akwatuna, matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Har yau Auta yake kirana, ni da furfura ta riga ta cinye mini kai. Ba mu cika hira ba. Shi yana jin rediyo, ni ina yi wa rediyon tsaki, a haka yammarmu ke wucewa. Amma in ya yi tari a ɗakinsa ina ji, in na yi nawa shi ma yana ji, kuma wannan ya ishe mu.

Yana da hawan jini, irin wanda ba ya jin magani sosai. Ranar da na raka shi asibiti likitar ta ja ni gefe ta ce, "Kai ne kake zaune da shi?"

Na ce ni ne.

"To ka riƙe abu ɗaya. In ya faɗi, ko ka ga bakinsa ya karkace, kada ka tsaya yayyafa masa ruwa ko neman shawarar maƙwabta. Ka kawo shi nan take. A wannan ciwo 'yan mintoci ne tsakanin wanda zai tashi da ƙafarsa da wanda ba zai sake tashi ba."

Na riƙe kuwa. Ni nake jera masa ƙwayoyinsa kowace safiya, ni nake ɓoye gishiri. Abin da na kasa hana shi kawai shi ne fita. Ƙarfe goma na yi zai saka ɗaya daga cikin rigunansa na gidan waya, masu ruwan toka, guda huɗu iri ɗaya sak, ya sauka matakala a hankali ya tafi tashar bas ta kusa da mu ya zauna yana kallon masu hawa da sauka har rana ta take. In na ce, "Ina kuma za a je?" sai ya ce, "Aiki mana. Ka taɓa ganin an bar tasha ba mai duba ta?"

A wannan hali muke wata mata ta shigo shagona. Ba za ta wuce talatin da biyar ba, siririya, da ƙaton takalmi irin na masu aikin gini. Tsawa ake ce mata, kuma ko ni da ba na bin irin waɗannan abubuwa na san sunan. Ita ce wadda ta taɓa shirya teburin cin abinci a gidan nunin zane, da faranti da cokula masu tsada, ta cika farantan da auduga da bandejin da aka cire wa marasa lafiya. Mutane suka yi ta amai a bakin ƙofa, jaridu suka zage ta tas, wasu suka ce a kama ta. Bayan shekara ɗaya aka sake nuna teburin, iyaye suka riƙa zuwa da 'ya'yansu suna lasar alawa suna ɗaukar hoto.

Ta ɗauki wani hannu da na gama gyarawa ta juya shi ta ce, "Baba, kai ka yi wannan jijiyar?"

"A'a, da kanta ta fito."

Ta yi dariya. Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce fatar mutane ta yi kauri. Abin da ya hana su barci bara, bana a jikin rigar yara ake buga shi. Ta ce ta gaji da kiran mutane su zo ɗaki su razana su koma gida su ci abinci. Yanzu so take ta kai musu abin har kan hanyarsu: wani tsoho kwance a bakin titi kamar ya yanke jiki ya faɗi, a ɓoye kyamara, a ƙirga mutum nawa za su tsallake shi kafin a samu mai sunkuyawa.

"Ina so garin nan ya ga fuskarsa a madubi," in ji ta. "In sun ji kunya, gobe ba za su wuce na gaske ba."

Na ce, "'Yar nan, in wannan ma ya daina tsorata su fa?"

"Sai in yi na gaba."

Ban yarda da maganarta ba, amma na karɓi aikin, kuma ba zan yi ƙarya in ce don taimakon al'umma ba ne. Ita ce mutum ta farko da ta lura da jijiyar nan.

Na ƙera fuska uku daga kaina, duka ta mayar. Ta ce sun yi kama da masu tallan riga, kuma da gaskiyarta, hannuna ya saba da kyawawa. Na gaya mata hanya ɗaya ce: a samu mutum mai rai a ɗauki sawun fuskarsa da jikinsa, a zuba roba a ciki. Ta kawo mini 'yan wasan kwaikwayo biyu da suka shafa farin hoda a kai wai su tsofaffi ne, na kore su. Da yamma ina ba Yaya labari ina masifa, sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Ni fa?"

"Kai me?"

"Ni ba tsoho ba ne? Ko sai an kawo maka takardar shaida?"

Na ce ba na so. Ya ce, "Auta, shekara takwas ina zaune a tashar nan, ko mahaukaci bai taɓa ce mini sannu ba. Bari dai a kalle ni sau ɗaya, ko da na roba ne."

Maganar ta sosa mini rai. Washegari na tafi da shi.

Aikin ɗaukar sawun fuska ba daɗi gare shi ba. Ana shafe gira da gashin ido da man shafawa, a sa wa mutum ɗan bututu a kowace kafar hanci, sannan a lulluɓe fuskar da wani ƙulli mai sanyi irin wanda likitan haƙori ke auna baki da shi, a bi da bandejin filasta a kai. Minti ashirin mutum ba ya gani, ba ya magana, sai numfashi ta bututun. Yaya bai ko motsa ba. Da na ɗaga filastan ya fito da jan fuska yana ƙifta ido, abin da ya fara cewa shi ne, "Ka ɗauki kunnen da kyau? Shi ne abin da marigayiya ta fi so."

Wata huɗu na yi a kansa. Gashi ɗaya-ɗaya na dasa da allura, na kai da na gemu da na cikin kunne. Na zana jijiyoyi ta cikin robar don su fito kamar a ƙarƙashin fata suke. Na yi tabon da ke haɓarsa, na yi kaushin dunduniya, na yi farcen babban yatsa da ya taɓa mutuwa. Yaya ya ba da riga ɗaya cikin huɗun da tsohon wando. Ranar da muka kwantar da shi a ƙasan ɗakin aikin Tsawa, ita kanta ta ja da baya. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin aikina irin na ranar ba.

Ranar farko aka ajiye shi a gaban wani banki. Mutum ɗari biyu da wani abu suka wuce, amma an samu masu tsayawa, kuma sau bakwai aka kira motar asibiti. Tsawa ta haɗa bidiyon ta sake shi, gari ya ɗauka. A rediyo aka yi ta musu, wasu na cewa ta tona mana asiri, wasu na cewa ba ta da tarbiyya. Yaya ya kasa kunne yana murmushi kamar ana karanta sakamakon jarrabawarsa.

Daga nan kowace safiya mota ke ɗaukar tsohon roba ta ajiye shi a sabon wuri, da yamma a dawo da shi ɗakin aikin Tsawa in je in duba abin da ya goge. Ba a gaya wa kowa wurin, har ni, tun da na taɓa gaya wa Yaya shi kuma ya fesa wa mai sayar da jarida. Tsawa ta kafa mini doka: in na ci karo da shi a waje kada in matsa kusa, kada in taɓa, don in aka gan ni ina gyara masa kwala aikin ya lalace.

A mako na biyu ne aka yi abin da ya sauya komai. Wata mai sayar da lemo da ayaba, babbar mace, ta ga tsohon kwance kusa da teburinta. Ta watsar da cinikinta ta durƙusa, ta ɗora kansa a cinyarta, tana yi masa fifita da kwali tana kuka tana cewa, "Baba, buɗe ido, Baba, kada ka yi mana haka." Sai da ta taɓa wuyansa sosai ta gane. Irin kallon da ta yi wa mutanen da ke dariya, shi aka yanko aka yaɗa. Aka sa masa kiɗa. Yara suka riƙa bin ta suna fifita da kwali. Kafin wata ya ƙare ta ɗauke teburinta daga layin, ban san inda ta koma ba.

Tun daga nan ba wanda ya sake sunkuyawa. Wa zai yarda a mai da shi abin dariya? In an ga tsohon sai a zagaye shi da wayoyi, kowa yana nuna shi ya waye, ba a yi masa wayo. Samari suka shiga kwanciya a titi suna kwaikwayo. Wani shagon katifa ya kwantar da nasa tsohon a bakin ƙofa da allo a gefe, wai da ya sayi tasu da bai kwana a ƙasa ba.

Tsawa ta rame. Ta ce, "Baba, sun saba. Sa masa numfashi."

Na sa masa ɗan inji a ƙirji, yana ɗagawa yana sauka. Kwana biyar aka yi ana mamaki. Ta ce a sa hannu ya riƙa motsi, na sa. Ta ce a ƙara nishi, na ƙara. Kowane ƙari sai ya yi kwanaki ƙasa da na baya. Na ce mata, "Uwar ɗakina, saura ki ce ya tashi ya yi rawa." Ba ta yi dariya ba.

Shi kuma Yaya ya zama sananne. A tasha ana nuna shi, ana cewa ga tsohon nan. Da fari abin ya yi masa daɗi, har sabon tsefe gemu ya koya. Sai aka fara cewa ya ɗan kwanta a ɗauki hoto da shi. Wata yarinya ta latsa masa kunci da yatsa don ta tabbatar. Ya dawo gida ranar bai kunna rediyo ba.

Kada a ce ban hango ba. Na hango. Na ce ya daina saka rigunan nan masu ruwan toka, ya ce, "Shi ya ara a wurina, ba ni na ara a wurinsa ba." Na je na gaya wa Tsawa hankalina bai kwanta ba, ta ce saura mako biyu ta janye tsohon robar gaba ɗaya. Na yanki kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: NI MUTUM NE, INA DA HAWAN JINI, KU KAI NI ASIBITI, na sa lambar wayata, na cusa masa a aljihun gaba. Ya karanta ya ce, "Shekara saba'in sai yau na samu takardar shaida."

Ranar wata Talata ya tashi yana cewa kansa ya yi nauyi, ba zai fita ba. Na ji daɗi. Na ba shi magani, na ce ya kwanta, na fita da sauri don ina da sayayyar allurai da fenti a can cikin gari kafin in wuce wurin Tsawa. Sai da na isa shagon fenti zan karanta lambar gwangwani na ga na bar tabarauna a gida. Na yi tsaki, na sayi abin da na iya ganewa, na kamo hanya a ƙafa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na iso wata babbar tashar bas da ke tsakanin gidanmu da ɗakin aikin, gaban wani kantin magani. A tsallaken titi na ga taro, wayoyi a sama. Ta tsakanin ƙafafunsu na hangi riga mai ruwan toka.

Na ce a raina, yau nan suka kawo shi ke nan.

Na bi doka. Na tsaya a nawa ɓangaren, kusa da wani mai gyaran takalma, na ƙanƙance ido ina duba aikina. Nan da nan raina ya ɓaci. Numfashin ya yi sauri, ba haka na saita shi ba. Hannun hagu yana ɗagowa fiye da yadda injin ya kamata ya kai, zai yaga robar hammata. Sun sa masa wani abu a hannun dama yana ƙyalli, ba su gaya mini ba. Ga kuma jiƙa a gaban wandon. Na ce lallai yarinyar nan, har fitsari ta ƙara? Wato ta samo wani ya taɓa mini aiki a bayan idona.

Amma bakin ne ya tsayar da ni. An karkatar da shi gefe ɗaya, kuncin ya zubo, kuma ko daga nesa, ko ba tabarau, na ga an yi shi da kyau ƙwarai. Na tsaya ina tunanin yadda aka yi, ko waya aka ja ta ciki, ko an sake zuba ɓarin fuskar ne.

Mai gyaran takalman ya ce, "Malam, ka ga na yau? Wallahi wanda ke ƙera abin nan ba ƙaramin gwani ba ne. Dubi idon, kamar kai yake kallo."

Na gyaɗa kai. Na yi murmushi. Ina jin haushi, amma yabon ya shige ni har ƙashi. Na kai minti goma a wurin, sannan na saɓa ledata na tafi in yi wa Tsawa tatas.

Tafiyar minti ashirin ce, kuma duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na tura ƙofa ina cewa, "Wa kika ba aikina ya taɓa? Wa ya saita numfashin nan?"

Ta ɗago daga kwamfutarta. "Wane numfashi, Baba? Yau ba mu fita ba. Motar tana wurin makaniki."

A kan dogon teburin da ke bayanta akwai abu a lulluɓe da farin ƙyalle, ƙafafu biyu sun leƙo, da kaushin dunduniyar da na yi da hannuna.

Ban san lokacin da ledar ta faɗi ba. Na dai san na yi gudu, ni da rabona da gudu tun ina saurayi, ina tuntuɓe ina bangaje mutane, ƙirjina kamar zai tsage. Taron ya ƙaru. Wani saurayi ya zaro kwalin daga aljihu yana riƙe da shi gaban kyamara yana karantawa da ƙarfi, ana ta dariya, wata tana cewa, "Kai, Tsawa ba ta da dama!" Na ture shi na zube a ƙasa. Fatar tana da ɗumi. Abin da ke ƙyalli a hannun dama tabarauna ne, ya biyo ni da shi.

Na ɗago kansa na yi ihu, "Mutum ne! Yayana ne! Ku taimake ni da mota!"

Suka yi tafi.

Wallahi tafi suka yi. Wani ya ce an ƙaro ɗan wasa. Wata ta ce in ɗan juyo, rana tana bayana. Na roƙe su, na zage su, na kama ƙafar wandon wani mutum mai jaka ina cewa ya taɓa shi ya ji, ya fizge yana dariya yana cewa ba da shi ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokaci ba, a tsakiyar mutum sama da hamsin. Sai da Tsawa ta iso da tasi, ta biyo ni a baya, muka cicciɓe shi ni da ita da direban. Ganinta ma sai ya ƙara tabbatar musu, suka bi motar suna ɗauka.

Likitar nan ce dai. Ta tambaye ni tun yaushe ya faɗi. Na ce ban sani ba. Daga baya aka gane daga bidiyon mutane cewa ya haura awa ɗaya da kwata a ƙasa. Ba ta yi mini faɗa ba, ta ce kawai da an zo da wuri da akwai allurar da za a yi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

A duk bidiyon da aka yaɗa ba inda aka nuna tsallaken titi. An nuna ƙanin da ya zo da gudu ya durƙusa. Har yabona aka yi a rediyo. Ban gaya wa kowa minti goman nan ba, Tsawa kaɗai ta sani, ita ma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ta zo asibiti a kwana na shida, ta tsaya a baranda ta ƙi shiga. Ta ce gari ya girgiza yadda bai taɓa yi ba, duk abin da ta yi a rayuwarta bai kai rabin wannan ba. Kwana huɗu ana kuka ana tsine wa juna. A na biyar aka sa wa ihuna kiɗa. Ta ce wani gidan nuni daga wata ƙasa ya kira yana tambaya ko za a samu rigar da wandon na ainihi, ba a wanke ba.

"Me kika ce musu?"

"Na kashe wayar." Ta kalli takalmanta. "Baba, ban san abin da ya rage ba. In ban yi ba wani zai yi, akwai yara uku da na sani suna shirya nasu. Sai dai a yanka mutum a gabansu, shi ma na mako ɗaya ne."

Na ce ta je ta ƙone na robar. Ta ce to. Ban bincika ko ta yi ba.

Bayan wata ɗaya aka sallame mu. Na rufe shago na koma jinya. Ni ke ɗaga shi, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki, kuma kowace safiya ina yi masa aski, don bai taɓa son ƙasumba ba. Ba wanda ya san fuskar nan kamar ni. Na san inda reza ke buƙatar a ja fata, na san inda tabon yake. A hankali kalmomi suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, da ƙyar. Ruwa. Zafi. Bari. Ina lura ba ya kallona, in na zo ta dama sai ya mai da ido taga, amma na ce ciwon ne. Kullum ina gaya wa kaina cewa mutumin da jijiya ta toshe masa a kai ba ya gane wanda ke tsallaken titi mai layi huɗu.

Wata safiya, cikin wata na uku, na gama kuncin dama ina wanke reza a kofi, sai ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya.

"Auta."

Rabon da ya kira ni tun ranar Talatar nan. Daɗi ya kama ni. Na ce, "Na'am, Yaya. Ga ni."

Ya daɗe yana haɗa kalmomin, bakin yana ja gefe.

"Na... ɗaga maka... hannu."

Na ajiye rezar. Na ce, "Yaya, ba tabarau a idona. Na ɗauka..."

"Na sani." Ya huta, ya haɗiye yawu. A karon farko ya dube ni sosai, ba fushi a idon, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. "Ka yi... murmushi."

Injin gidan wanki yana ta juyawa a ƙasa. Kumfa ta fara bushewa a kuncinsa na hagu.

Ya saki hannuna ya ce, "Ƙarasa."

Na ƙarasa. Na goge masa fuska da tawul mai ɗumi, na gyara masa matashi, na kwashe kofi da reza. Ina bakin ƙofa ya sake magana, idonsa a taga.

"Gobe... kira mai aski."

Tun daga ranar mai aski ke zuwa, Litinin da Alhamis. Ina buɗe masa ƙofa, in kawo ruwan ɗumi in ajiye, in koma kicin in zauna har ya gama.